Yadda Ƙare-Ƙaren Kamfani Suka Sauya Ainihin Wasan World of Warcraft

A ƙarshen watan Agustan shekarar 2019, kamfanin Blizzard Entertainment mai hedkwata a garin Irvine na jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka ya fitar da wata haja wadda babu sabon abu a cikinta. Hajar kuwa ita ce wasan kwamfuta mai suna World of Warcraft, wanda aka maido kamar yadda yake a shekarar 2006, kafin kamfanin ya fara yi masa ƙare-ƙare. A daren da aka buɗe shi jama'a sun yi cincirindo, har ta kai wasu sun shafe sa'o'i suna jiran layi kafin su sami shiga. Bayan 'yan watanni, uwar kamfanin, wato Activision Blizzard, ta shaida wa masu hannun jari cewa a tarihin wasan ba a taɓa samun ƙaruwar masu biyan kuɗin wata cikin watanni uku kamar wadda aka samu a wannan karon ba.

Abin tambaya ga duk mai harkar kasuwanci shi ne, yaya aka yi kamfanin da ya shafe shekaru 12 yana kashe maƙudan kuɗi wajen kyautata hajarsa ya wayi gari ɗimbin abokan cinikinsa suna roƙon a maido musu da tsohuwar? Amsar wannan tambaya ta shafi duk wata sana'a da ribarta ta dogara ga dawowar mai saye.

Yadda wasan yake da hanyar samun kuɗinsa

World of Warcraft yana cikin jinsin wasannin da dubban mutane ke yi tare a lokaci guda ta hanyar intanet. Kowane ɗan wasa yakan zaɓi jarumi ɗaya ya riƙa sarrafa shi a cikin wata ƙagaggiyar duniya da ake kira Azeroth, inda jama'a suka kasu gida biyu masu gaba da juna, Alliance da Horde. An fara sayar da wasan ranar 23 ga Nuwamban 2004. Ɗan wasa yakan fara daga mataki na 1, ya yi ta cika aike-aike da yaƙar dodanni har ya kai mataki na 60, wanda shi ne ƙololuwa a wancan zamani.

A wancan zamani mai son shiga yakan sayi faifan wasan sau ɗaya, sannan ya riƙa biyan dala 14.99 duk wata. Ke nan duk mutum miliyan ɗaya da suka zauna shekara guda suna biya, kamfanin zai sami kusan dala miliyan 180. Matsayinsa ya zama irin na mai gidan haya, wanda samunsa ya rataya ga yawan watannin da ɗan haya zai zauna. Saboda haka babban abin da kamfanin ke tsoro shi ne ɗan wasa ya gundura ya daina biya.

Abin da mutane suka taras a farko

Waɗanda suka fara wasan a 2004 da 2005 sun taras da duniya mai faɗi da wuyar sha'ani. Ɗan wasa yakan yi tafiya a ƙasa har sai ya kai mataki na 40 kafin ya sami damar hawa doki, shi ma sai ya tara zinariya ɗari ta cikin wasan, wadda tara ta kan ɗauki makonni. Dokin da ya fi gudu kuwa zinariya dubu ne. Shiga kogon dodanni yana buƙatar mutum biyar, kuma babu mai haɗa su. Sai mutum ya tsaya a tsakiyar birni yana cigiyar abokan tafiya, in sun cika su ɗunguma zuwa bakin kogon da ƙafafunsu. Manyan hare-hare, irin na kogon Molten Core, sai da mutum arba'in, kuma haɗa mutum arba'in a sa'a ɗaya kowane mako aiki ne na ƙungiya mai shugabanni da ƙa'idojin rabon ganima.

Bugu da ƙari, kamfanin ya raba jama'a a kan manyan kwamfutoci daban-daban, kowace ana kiranta masarauta, kuma mutum ba ya haɗuwa da kowa sai 'yan masarautarsa, waɗanda ba su wuce 'yan dubbai a lokaci guda ba. Wannan ya sa fuskokin da mutum ya gani yau su zai gani gobe. Wanda ya ci amana ya kwashe ganima ya gudu, sunansa yakan bazu, ya rasa mai ɗaukarsa tafiya. Wanda kuma aka san shi da ƙwarewa da cika alkawari, nemansa ake yi.

Masana tattalin arziki sun daɗe da lura cewa inda mutane ke maimaita hulɗa da juna, amana takan samu ko da babu hukuma, domin kowa ya san cutar yau za ta jawo masa asarar gobe. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa karɓar kaya bashi saboda sunansa kawai ya san haka. Wahalar da ke cikin wasan ita ta tilasta wa mutane buƙatar juna, buƙatar juna kuma ta haifar da zumunci. Da yawa daga cikin masu biyan dala 15 a wata sun ci gaba da biya ne domin a can abokansu suke.

Dalilin da ya sa ƙari ya zama dole

Duk da haka, ba zai yiwu wasan ya tsaya yadda yake ba. Abin da ma'aikata suka shekara suna ginawa, ƙwararrun 'yan wasa sukan gama shi cikin 'yan watanni. Maganin da masu wannan sana'a suka sani shi ne sayar da ƙari, wato sabon babi mai ɗauke da sababbin ƙasashe da dodanni da matakai, wanda Blizzard ya fara sayarwa a kan kimanin dala 40. Daga 2007 zuwa 2024 kamfanin ya fitar da irin wannan ƙari har guda goma, kusan ɗaya a duk shekara biyu.

Sai dai ƙari yana zuwa da tasa matsalar. Duk lokacin da aka tsawaita tsani domin waɗanda ke sama, an ƙara wa sabon shiga nisan tafiya ke nan kafin ya cim ma abokansa. Don kada ya karaya, dole a sauƙaƙa masa matakan ƙasa. Har ila yau, ɗaliban da suka fara wasan suna da lokaci a 2004 sun girma sun kama aiki sun yi iyali, ba su da sa'o'i biyar na zama a dare ɗaya. Kamfanin ya ga alamar cewa in bai rage musu ɓata lokaci ba zai rasa su. Daga waɗannan dalilai biyu ne kusan dukkan sauye-sauyen da suka biyo baya suka samo asali.

Sauye-sauyen ɗaya bayan ɗaya

Ƙari na farko, The Burning Crusade, ya fito a watan Janairun 2007, kuma an sayar da kusan kwafi miliyan 2.4 a ranar farko. Ya ɗaga ƙololuwa zuwa mataki na 70, ya buɗe wata sabuwar duniya mai suna Outland. Nan take makamai da sulken da mutane suka yi watanni suna nema suka faɗi daraja, domin kayan da ake samu cikin sauƙi a ƙofar sabuwar duniyar sun kama ƙafarsu ko sun fi su. Wannan tamkar rage darajar kuɗi ne, inda mai ajiya ya fi kowa asara. An rage yawan mutanen babban hari daga 40 zuwa 25, abin da ya tilasta wa ƙungiyoyi da dama sallamar wasu daga cikin mutanensu. An kuma kawo abin hawa mai tashi sama, wanda ya rage tsawon tafiya, amma ya rage haɗuwar matafiya a kan hanya, ko don taimakon juna ko don faɗa.

Ƙari na biyu, Wrath of the Lich King, ya fito a Nuwamban 2008, ya sayar da kwafi miliyan 2.8 a ranar farko. A zamaninsa ne, cikin watan Disamban 2009, aka shigo da tsarin da mutane da yawa ke ganin shi ya fi kowane sauya yanayin wasan. Maimakon cigiya a birni, ɗan wasa zai danna maɓalli kawai, kwamfuta ta haɗa shi da mutum huɗu daga masarautu daban-daban, ta kuma ɗauke su ta ajiye a cikin kogon ba tare da tafiya ba. Wahalar neman abokan tafiya ta ragu ƙwarai, kuma jama'a sun yi marhabin da tsarin. Amma tun da mutanen da aka haɗa ba za su sake ganin juna ba, kyakkyawan suna ya daina amfani a wannan fage, mugun hali kuma ya daina jawo asara. Ya zama ruwan dare mutum biyar su gama kogo ba wanda ya ce wa wani uffan.

A watan Afrilun 2010 kamfanin ya sa wani dokin ado a kasuwa a kan dala 25, mutane kuma suka yi tururuwar saye. Kafin wannan lokaci, yawancin abin hawa na alfarma shaida ce ta wahalar da mai shi ya sha. A watan Oktoban wannan shekara Blizzard ya ba da sanarwar cewa masu biya sun kai miliyan 12 a duniya, adadin da ya haɗa da 'yan ƙasar Sin waɗanda a lokacin suke biya gwargwadon sa'o'in da suka yi. Wannan shi ne adadi mafi yawa da kamfanin ya taɓa bayyanawa.

Ƙari na uku, Cataclysm, wanda ya fito a Disamban 2010 ya kuma sayar da kwafi miliyan 3.3 a ranar farko, shi ne ya taɓa tsohuwar duniyar kanta. Bisa labarin cewa wani ƙaton dodo mai suna Deathwing ya yamutsa ƙasa, aka sake fasalin yankunan da mutane suka saba da su. Ruwa ya cinye kwarin Thousand Needles, filin Barrens ya rabu biyu, garin Southshore da ya shahara da gumurzu tsakanin ɓangarorin biyu ya zama kufai. Manufar ita ce a sabunta matakan ƙasa domin sababbin shiga, kuma ta fuskar tsari aikin ya yi kyau. Amma a nan akwai bambanci tsakanin wannan haja da sauran. Idan aka sake buga littafi, tsohon bugu yana nan a hannun wanda ya saya. Wasan intanet kuwa yana kan kwamfutocin kamfani ne, in aka sauya shi an sauya wa kowa. Daga wannan rana har zuwa 2019 babu wata halattacciyar hanya da mutum zai bi ya ga duniyar 2004, ko nawa zai biya.

Sauran matakan sun bi wannan sawu. A Nuwamban 2011 aka faɗaɗa tsarin haɗa baƙi ya shafi manyan hare-hare. A 2012, zamanin Mists of Pandaria, aka fara cakuɗa 'yan masarautu daban-daban a filayen da suka yi ƙarancin jama'a, aka kuma taƙaita zaɓin da ɗan wasa ke da shi wajen gina jaruminsa. A 2014 Warlords of Draenor ya ba kowa sansaninsa na kansa, inda zai haƙi ma'adinai ya tsinki ganyaye ba tare da ya fita ya haɗu da kowa ba. A shekarar ce kuma aka fara sayar da damar tsallakewa kai tsaye zuwa mataki na 90 a kan dala 60. A Afrilun 2015 aka fito da wani tikiti na dala 20, wanda mai kuɗi zai saya ya sayar wa wani ɗan wasa a ba shi zinariya. Hujjar kamfanin ita ce karya kasuwar bayan fage ta masu sayar da zinariya, amma sakamakon shi ne kuɗin aljihu ya sami halattacciyar ƙofar shiga tattalin arzikin wasan.

Abin da alƙaluma suka nuna

Fitowar Warlords of Draenor ta ɗaga masu biya zuwa sama da miliyan 10 a Nuwamban 2014. Zuwa ƙarshen Maris na 2015 sun sauka zuwa miliyan 7.1, zuwa ƙarshen Satumba kuma miliyan 5.5. Daga nan Activision Blizzard ya ce ya daina bayyana wannan adadi a rahotanninsa. Abin da aka gani shi ne jama'a suna kwararowa duk lokacin da sabon ƙari ya fito, su gama abin da ke ciki, su watse.

Adalci ne a faɗi cewa ba ƙare-ƙaren kaɗai suka jawo wannan raguwa ba. A cikin waɗannan shekaru ne wasannin kyauta irin su League of Legends, wanda ya fito a 2009, da wasannin wayar hannu suka shigo suna gasar neman lokacin jama'a. Babu kuma wanda zai iya tabbatar da cewa da an bar wasan yadda yake da bai fi haka raguwa ba. Daɗin daɗawa, kuɗin wata a Amurka ya tsaya a dala 14.99 har tsawon shekaru ashirin, alhali hauhawar farashi ta sa abin da dala 15 ke saye a 2004 sai da kusan dala 25 a 2024. Kamfanin da bai ƙara farashi ba dole ya nemi kuɗin shiga ta wata hanya, wanda hakan ya bayyana dalilin sayar da dawakan ado da tikiti da tsallaken matakai.

Kasuwar da kamfanin ya ƙi gani

A babban taron shekara na kamfanin, BlizzCon, na 2013, wani mahalarci ya tambaya ko za a buɗe masarautu masu tsohon tsari. Ɗaya daga cikin manyan jami'an wasan, J. Allen Brack, ya amsa masa da cewa mutane suna zaton suna son hakan ne kawai, amma ba sa so. Ra'ayin kamfanin a lokacin shi ne masu wannan kira begen ƙuruciyarsu suke yi, sun manta da wahalar da suka sha.

Amma masu iya magana sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Buƙatar da mai haja ya ƙi biya, wani zai biya ta. Wasu masu sha'awa suka kafa masarautu na bayan fage masu gudanar da tsohon wasan ba da izini ba. Mafi shahara a cikinsu ita ce Nostalrius, wadda aka buɗe a 2015 a kan kwamfutocin da ke ƙasar Faransa, kuma masu ita sun ce ta sami rajista kimanin 800,000 da masu wasa a kai a kai kimanin 150,000. A Afrilun 2016 aka rufe ta bayan takardar gargaɗi daga lauyoyin Blizzard kan keta haƙƙin mallaka. Takardar koken da ta biyo baya ta sami sa hannun mutum fiye da 200,000, har kamfanin ya gayyaci masu Nostalrius zuwa Irvine don tattaunawa. A Nuwamban 2017, Brack ɗin nan da kansa ya hau dandamali ya ba da sanarwar cewa tsohon wasan zai dawo da sunan World of Warcraft Classic.

Dabarar da aka bi wajen sayar da shi ta cancanci lura. Ba a sa masa farashi na daban ba, kuɗin wata ɗaya ne ke buɗe wa mutum tsoho da sabo. Ta haka wanda ya gundura da ɗaya zai koma ɗayan maimakon ya fice, kuma an yi amfani da tsohon jarin da aka riga aka kashe wa kuɗi tun tuni.

Sai dai Classic ma bai tsira daga matsalar farko ba. Da 'yan wasa suka gama abin da ke cikinsa, sai kamfanin ya bi tsohuwar hanya, ya maido The Burning Crusade a 2021, Wrath of the Lich King a 2022, Cataclysm a 2024, har tikitin zinariya ya shiga cikinsa a 2023. A Nuwamban 2024, yayin bikin cikar wasan shekaru 20, aka sake buɗe sababbin masarautu daga mataki na 1. Haka kuma waɗanda suka koma sun taras cewa akwai abin da ba ya maiduwa, domin a 2004 ba wanda ya san sirrin duniyar, a 2019 kuwa an riga an rubuta hanyar cin kowane dodo a intanet.

Yadda ta kaya wa wasu kamfanoni

Blizzard ba shi kaɗai ya gamu da wannan ba. A Nuwamban 2005 kamfanin Sony Online Entertainment ya sake fasalin wasansa Star Wars Galaxies a dare ɗaya, ya rage sana'o'in da ɗan wasa zai iya zaɓa daga sama da talatin zuwa tara, da nufin jawo sababbin mutane. Tsofaffin da yawa suka fice, sababbin ba su cike gurbinsu ba, aka rufe wasan a Disamban 2011.

Kamfanin Jagex na garin Kambirij a Ingila kuwa ya bi wata hanya dabam. A 2013, bayan ƙuri'ar jin ra'ayin abokan cinikinsa, ya maido wasansa RuneScape kamar yadda yake a 2007, ya kuma kafa ƙa'ida cewa ba za a shigo da wani sabon abu ba sai kashi 75 cikin ɗari na masu ƙuri'a sun amince. Cikin 'yan shekaru tsohon ya fi sabon yawan jama'a, ko da yake shi ma ana yi masa ƙari. Bambancin shi ne masu biya suna da ta cewa kan irin ƙarin da za a yi.

Darasi ga 'yan kasuwa

Idan aka ɗauki sauye-sauyen Blizzard ɗaya-ɗaya, da wuya a sami wanda ba shi da hujja. Kowannensu ya amsa wani ƙorafi na gaskiya, kuma mafi yawan jama'a sun karɓe shi da murna a lokacinsa. Illar ta fito ne daga taruwarsu. Abin da ake iya aunawa, kamar mintocin jira da yawan waɗanda suka gama kogo, ya yi ta kyautatuwa a rahotanni, yayin da abin da ba ya shiga rahoto, wato sanin juna da darajar suna, ya yi ta zaizayewa ba a ankara ba.

Saboda haka mai haja yana bukatar ya san ainihin abin da ke maido masa da abokin ciniki, domin sau da yawa ya bambanta da abin da aka rubuta a rasit. Kafin a kawar da wani abu da ake gani tamkar cikas ne, ya kamata a bincika ko wani amfani ya rataya gare shi. Kuma idan aka ga mutane suna zuwa kasuwar bayan fage neman abin da aka daina sayarwa, wannan ƙididdiga ce ta buƙata wadda aka samu kyauta, kamar yadda Nostalrius ta zame wa Blizzard.

A Oktoban 2023 kamfanin Microsoft ya kammala sayen Activision Blizzard, cinikin da aka sanar tun Janairun 2022 a kan kimanin dala biliyan 69, kuma World of Warcraft yana cikin kadarorin da aka saya. Abin da Microsoft ya gada wasanni biyu ne a ƙarƙashin kuɗin wata guda, ɗaya mai ƙare-ƙare domin wanda ba shi da lokaci, ɗaya kuma tsohon da a 2013 aka ce ba mai sonsa.